FASHIN BAƘI: Daga Tafashiya zuwa birni, yadda kuɗin mota ke cinye arahar gidan haya

Duk shekara, da zarar an kai amfanin gona gida, ko makarantu sun saki sunayen ɗaliban da suka ɗauka, matasa daga Tafashiya da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada kan ɗaure kaya su nufi birni. Wani ya samu gurbin karatu, wani takardar kama aiki, wani kuma zai tsare wa ɗan'uwansa shago a kasuwa. Babban titin da ya ratsa Kankiya shi ke raba su gida biyu. Masu yin arewa su bi ta Caranci su isa Katsina bayan tafiyar kimanin kilomita 60, masu yin ɗaya ɓangaren kuma su wuce Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa da Bichi, su shiga Kano ta Dawanau bayan tafiyar fiye da kilomita 100.

Tambayar farko da kowannensu kan yi wa dillali ita ce nawa ne ɗaki a shekara. Akwai tambaya ta biyu da ba kasafai ake yin ta ba sai bayan an biya an tare, wato nawa za a riƙa kashewa kullum daga ƙofar ɗakin zuwa wurin nema. Tun daga tsakiyar 2023 amsar tambaya ta biyu ta yi nauyin da za ta iya rushe ta farko. Kuɗin haya da kuɗin mota sun zama lissafi ɗaya, kuma wanda ya raba su yakan biya araha da tsada.

Ranar da lissafi ya sauya

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a biranen Arewa cikin 'yan kwanaki. A watan Yuli na shekarar ta kai naira 617 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Oktoba 2024 kuma ta tsallake naira 1,000. Farashin ya riƙa hawa da sauka tun daga nan, amma bai ƙara kusantar inda ya baro ba. Ɗan acaɓa da mai adaidaita sahu da direban bas duk sun ɗora ƙarin a kan fasinja.

Gini ma ya yi tsada a daidai wannan lokaci. Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira ga kasuwa a watan Yuni 2023, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba 2024. Mai gidan haya yana zuwa kasuwar da kowa ke zuwa, saboda haka ƙarin da ya gani a can yakan bayyana a takardar sabunta haya, ko da gidan ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba.

Albashi kuwa ya biyo baya a makare. Sai a watan Yuli 2024 aka sanya hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Jihar Katsina ta amince da 70,000, Kano kuma da 71,000. Alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, amma ba su fara ganin sa a asusunsu ba sai a watan Maris 2025. Albashi ya ninka sau biyu da 'yan kai, man fetur kuwa ya ninka kusan sau biyar a tsakanin Mayu 2023 da Oktoba 2024.

Me ake nufi da araha?

Ma'aunin da aka fi sani a duniya shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Asalinsa daga Amurka ne, inda wata doka ta 1969 ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na kuɗin shigar iyali, aka ɗaga zuwa kashi 30 a 1981. Daga baya wata cibiyar bincike a birnin Chicago ta nuna gurguntar wannan ma'auni, domin yana sa gidajen bayan gari su zama kamar masu sauƙi alhali mazaunansu na zubar da kuɗi a hanya. Cibiyar ta ba da shawarar a haɗa haya da sufuri, jimillarsu kada ta wuce kashi 45.

Idan aka ɗora wannan a kan albashin naira 70,000, kashi 30 ya kama naira 21,000 a wata, wato 252,000 a shekara. Kashi 45 kuma ya kama 31,500 a wata. Ke nan abin da ya rage wa sufuri shi ne naira 10,500, wanda idan aka raba shi a kwanakin aiki 22 bai kai naira 500 a rana ba, zuwa da dawowa. Duk wanda ke kashe fiye da haka, daga kuɗin abincinsa yake cirewa, ko daga ɗan abin da ya kamata ya aika wa iyaye a gida.

Akwai lissafi mai sauƙi da ya kamata duk mai neman ɗaki ya haddace. Ma'aikacin da ke fita kwana 22 a wata yana fita kwana 264 a shekara, don haka kowace naira 100 da ta ƙaru a kuɗin motarsa na yini ta zama naira 26,400 a shekara. Ga ɗan kasuwa mai fita kwana shida a mako, ta haura 31,000.

A ɗauki misali da ɗakuna biyu. Na farko yana kusa da wurin aiki, ana iya takawa a ƙasa, an yi masa kuɗi naira 250,000. Na biyu yana bayan gari a naira 150,000, amma sai an kashe naira 600 kullum kafin a je a dawo. A idon mai nema, na biyu ya rage masa naira 100,000. A ƙarshen shekara kuwa ya biya 150,000 ga mai gida da 158,400 ga masu ababen hawa, jimilla 308,400. Ɗakin arahar ya fi mai tsadar tsada da naira 58,400, an sayar da kare an sayi biri.

Lokaci ma kuɗi ne da ba a rubuta masa rasit. A 1994 wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya wallafa nazarin da ke nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙasa ɗan'adam kan ware kimanin awa ɗaya a rana domin zirga-zirga, kuma faɗin birane kan bi saurin abin hawan zamaninsu. Tsohon birnin Katsina da na Kano da ke cikin ganuwa an gina su ne domin mai tafiya a ƙasa, kasuwa da masallaci da marina duk suna kusa da gida. Biranen yau sun bazu nesa da ganuwa ba tare da tsarin sufurin da zai riƙe faɗin ba. Wanda ke ɓata awa uku a hanya kullum ya rasa lokacin karatun yamma ko ƙaramar sana'ar da za ta cike masa giɓin albashi.

Taswira kafin ciniki

A Katsina, manyan makarantu sun jeru a kan hanyar Dutsinma: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Al-Qalam, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin waɗannan makarantu da ya kama ɗaki a Ƙofar Sauri ko Ƙofar Marusa saboda yana da dangi a can zai riƙa ratsa gari sau biyu a rana, yayin da wanda ya nemi wajen Ƙofar Ƙaura ko Batagarawa ya gajarce wa kansa hanya. Akasin haka ne ga wanda sana'arsa ke tsakiyar gari. Birnin ya kuma karɓi ɗimbin mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka raba da garuruwansu a yankunan Batsari da Jibiya da Safana, kuma ƙananan ɗakunan da baƙo ɗan Tafashiya ke nema su ne waɗannan iyalai ke nema.

A Kano, mutumin Kankiya yakan fara sanin unguwannin da ke kan hanyar shigowarsa, wato Dawanau, Mil Tara, Bachirawa, Kurna da Rijiyar Lemo, kafin motarsa ta sauke shi a tashar Ƙofar Ruwa. A nan 'yan garinsu suke, a nan kuma yake da saukin kama motar gida. Wannan zaɓi ya dace da mai aiki a kasuwar hatsi ta Dawanau, kuma bai yi muni ba ga mai zuwa Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari. Amma ga wanda zai yi aiki a masana'antun Sharaɗa ko Challawa, ko a wata ma'aikata ta hanyar Zariya, zama a Bachirawa na nufin sauya abin hawa sau biyu ko uku a kowace tafiya. Yawan sauyin shi ke cin kuɗi fiye da nisan, domin kowane hawa da farashinsa.

Dokokin hanya ma suna cikin lissafi. Kano ta haramta acaɓa a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, lamarin da ya bar birnin a hannun adaidaita sahu. Da direbobinta suka tafi yajin aiki a 2021 da 2022 saboda saɓani da hukumar KAROTA kan haraji, dubban mutane sun taka a ƙasa zuwa kasuwa da makaranta. A watan Yuli 2022 gwamnatin jihar ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Katsina ma ta sanya irin wannan taƙaitawa kan babura a 2021, cikin matakan tsaro na gwamnatin Aminu Bello Masari. Ma'aikacin jinya mai aikin dare ko mai gadi ko mai sayar da abinci yana buƙatar sanin dokar da ke aiki a lokacin kafin ya zaɓi unguwa.

Albashin wata, hayar shekara

Babban shingen da ke tura matasa bayan gari shi ne yadda ake biya. Ma'aikaci na karɓar albashi wata-wata, mai gida kuma na neman kuɗin shekara a dunƙule, wani lokaci na shekara biyu. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda sau da yawa kan kai kashi 10 cikin 100, da kuɗin ganin gida, da na rubuta yarjejeniya a wasu wuraren. Matashin da ya fahimci lissafin ɗakuna biyun nan sarai zai iya ƙarewa a na bayan gari, domin naira 150,000 ce kaɗai a hannunsa a ranar, bayan an sayar da buhunan gero ko tunkiya a gida. Naira 600 ta kullum ba a jin zafinta lokaci ɗaya. Ta haka talauci ke sa mutum sayen abu mafi tsada.

A da can, baƙon da ya shigo birni yakan sauka a zauren mai masauki ko a wurin fatoma, ya samu makwanci da mai tsaya masa har ya kafu. Saurin wannan al'ada bai ƙare ba, domin har yanzu akwai masu kwana a shagon maigidansu ko a ɗakin ɗan garinsu. Zama na wata ɗaya ko biyu a irin wannan wuri kafin a biya haya yana ba mutum damar sanin gari da ƙafarsa. Wannan dama ta fi ƙaranci ga 'ya mace, wadda masu gidaje da yawa ke ƙin bai wa haya idan ba ta da aure, kamar yadda wasu unguwanni ke ƙyamar tuzuru.

Doka ta taɓa wannan matsala a wasu wurare. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma tanadi sanarwar wata shida kafin a tashi mai biyan shekara-shekara idan babu wata yarjejeniya ta daban. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin da zai mayar da biyan haya wata-wata a Abuja. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba. Abin lura shi ne cewa sha'anin haya a jihohi yana hannun majalisun dokokinsu, ba Majalisar Tarayya ba.

Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yuni 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairu 2026, ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayarsa ta shekara, har zuwa iyakar naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji. Wannan ya ƙara wa rasit da rubutacciyar yarjejeniya daraja. Sai dai mai karɓar mafi ƙarancin albashi dama dokar ta yafe masa harajin, don haka sassaucin bai taɓa aljihunsa ba.

Abin da dillali ba ya faɗa

Gani ya kori ji. Kafin a biya ko sisi, ya kamata a bi hanyar daga ɗakin zuwa wurin aiki da safe a ranar aiki, a sake bin ta da magariba, a rubuta kuɗin da lokacin. A tambayi maƙwabta, ba dillali ba, yadda layin yake a watan Agusta, domin layin da ke cika da ruwa masu adaidaita sahu kan ƙi shigarsa ko su ninka kuɗi. A san ko akwai famfo ko rijiya, ko kuwa kullum sai an kira mai garuwa. A san ko ɗakin na da mitarsa, ko ana raba kuɗin wuta ne da sauran 'yan haya, da kuma rukunin da kamfanin KEDCO ya sanya layin, tunda a watan Afrilu 2024 an ninka farashin wutar rukunin A fiye da sau uku. A ƙarshe a ga mai gidan ido da ido, a biya ta hanyar da za ta bar shaida, a rubuta wanda gyara ke kansa da tsawon sanarwar tashi.

Wasu kan zaɓi kada su tare gaba ɗaya. Su bar iyali a Tafashiya ko Kankiya, inda babu haya kuma akwai hatsi a rumbu, su haɗu biyu ko uku a ɗaki ɗaya a Katsina, su dawo gida ranar Juma'a. Tafiya biyu a mako abu ne da albashi zai iya ɗauka, amma kilomita 120 a kullum, zuwa da dawowa, ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ko a motar KTSTA. Farashin wannan tsari shi ne raba uba da 'ya'yansa kwana biyar a mako.

Ina gwamnati take?

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nufin samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuwa ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke da ikon yanka filayen birni da sanya hannu a takardun mallaka. Inda aka yanka filayen talakawa da inda aka kai titi shawara ce ta siyasa.

Mutanen Kankiya suna da dalili na musamman na bin diddigin manufar gidaje, domin Ahmed Musa Dangiwa, wanda ya shugabanci Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya daga 2017 zuwa 2022, aka kuma naɗa shi Ministan Gidaje a watan Agusta 2023, ɗan ƙaramar hukumar ne. A ƙarƙashin shirin gidaje na gwamnatin Tinubu, Katsina na cikin jihohi 12 da aka ware wa rukunin gidaje 250 kowacce. Ma'aikatar ta bayyana cewa mai ɗaki ɗaya zai kama tsakanin naira miliyan 8 da 9. Naira miliyan 8 daidai take da albashin wata 114 na mai karɓar 70,000, wato shekara tara da rabi ba tare da ya taɓa ko kwabo ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin 100 domin sa, yana ba da rance a kan ruwan kashi 6 na tsawon shekara 30, amma hanya ce ta mallaka ga mai tsayayyen albashi. Matashin da ya sauka a tasha jiya ɗakin haya yake nema.

Kano ta riga ta nuna abin da kan faru idan aka gina gidaje ba a yi lissafin masu shiga da hanyar zuwa ba. Rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina a bayan gari tsakanin 2011 da 2015, sun shafe shekaru da gidaje da yawa babu kowa a ciki, a birnin da iyalai ke cunkushe a ɗaki ɗaya.

A ɓangaren sufuri, layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, ya bi ta Kazaure da Daura ne kafin ya isa Katsina da Jibiya. Bai ratsa Kankiya ko Kusada ba, don haka titi ne zai ci gaba da ɗaukar mutanen yankin. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya bai wa jihohi ikon gina layin dogo nasu, amma abin da ya fi kusa da hannu shi ne manyan motocin bas masu tsayayyar hanya da tsayayyen farashi, irin waɗanda Legas ta fara a 2008.

Waɗannan su ne batutuwan da matasan mazaɓar Kankiya, Ingawa da Kusada za su iya ajiye wa masu neman ƙuri'unsu a 2027. Mai neman kujerar majalisar jiha ya faɗi matsayinsa kan dokar da za ta ƙayyade kuɗin gaba da la'adar dillalai, da rajistar masu dillancin. Mai neman gwamna ya faɗi hanyoyin da motocin gwamnati za su bi a cikin birnin Katsina, da ƙarfe nawa, da nawa, da kuma ko za a ware filaye kusa da makarantu da kasuwanni domin ƙananan gidajen haya. Kafin a samu amsa, kariyar da ta rage wa mai shirin barin Tafashiya ita ce takarda da biro: kuɗin haya, a tara da kuɗin motar yini sau 264, sannan a yi ciniki.